Gadon Jinjiri a Shagon Osla

A tsibirinmu babu bishiya. Akwai dai wani abu bayan gidan fasto da ake kira bishiya don a faranta wa matarsa rai, amma doguwar tunkiya tana iya leƙa samansa. Saboda haka duk katakon da ke cikin tsofaffin gidajenmu teku ce ta kawo shi, kuma har yau ana iya gaya maka shekarar da ta kawo shi, da wanda ya riga kowa isa gaɓa, da wanda ya mutu yana cewa shi ya fara hangowa.

A nan aka haifi Merran Goudie, a nan ta yi aure, kuma ta daɗe da zaɓar gefen da za a kwantar da ita a maƙabarta, inda iska ba ta cika dukan mutum ba. Ta haura saba'in. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, hannuwanta duk tabon wuƙa tun zamanin da take budurwa tana feɗe kifi a bakin ruwa. Tana saƙa tana tafe, tana saƙa tana faɗa da tumaki, an ce ko a coci yatsunta ba sa daina motsi cikin aljihu. Mijinta Rasmie masunci ne, mutum mai tsimin magana. Da ya rasu, Merran ta ce shirun gidan bai ƙaru ba, kujera ɗaya ce kawai ta huce. Ya bar mata tumaki, da rufi mai yoyo a kusurwa, da gadon jinjiri.

Gidan Merran, kamar kowane gida a nan, ƙofa biyu gare shi da kofuna iri biyu. Ƙofar gaba ta fasto ce da likita da mai zuwa duba mitar lantarki. Su ake kaiwa falo, a ba su shayi a kofunan tangaran masu zanen fure, waɗanda aka yi su ƙanana don kada baƙo ya daɗe. Na gida ta ƙofar kicin yake faɗowa ba ƙwanƙwasawa, ya sauke kofinsa daga ƙusa. Osla Halcrow tana da ƙusarta a kicin ɗin Merran, da kofinta, wani shuɗi mai ɓallen baki. Benci ɗaya suka zauna a makaranta, ganga ɗaya suka cika da kifi, kowacce ta riƙe wa 'yar'uwarta hannu a kan gwiwa, kowacce ta tsaya kusa da 'yar'uwarta a bakin kabarin miji. Osla doguwa ce mai baki. Tun suna yara ita ke magana, Merran ke ɗaukar kaya.

Gadon kuwa kakan Rasmie ne ya haɗa shi, wani Tirval, da katakon da teku ta watso a wata shekarar sanyi. Yana da rumfa a wajen kai don tare iska, ƙafafunsa lanƙwasassu ne, uwa ta riƙa lilo da shi da ƙafa hannunta na kan saƙa. Na gidan Goudie ne, amma ba a gidan Goudie yake zama ba. Duk gidan da aka haihu sai a kai shi, ya zauna can har a ji labarin wani cikin. A ƙarƙashinsa ana ƙona harafin farko na sunan kowane jinjiri da jan ƙusa, har wurin ya cika ya koma kamar sawun kaji.

Ga yadda abin yake. Ba a tambayar gadon. Wadda yake hannunta ita za ta ji labari, ta ɗauko shi da kanta, da wani abu da ta saƙa a ciki, don ba a kai shi wayam. Gidan da ke jiran haihuwa ba sa buɗe baki su ce a kawo, ko da su ne masu shi, don wannan miƙa hannu ne ga ɗan da bai iso ba. Merran ta sha faɗa cewa ita ba ta yarda da camfi ba. Sai dai tana yarinya wata mata a arewacin tsibiri ta gaji da jira, ta aika a kawo, aka kawo, kuma ba a ƙona wani harafi ba a shekarar. Babu wanda ya taɓa cewa wannan ne ya jawo wancan. Babu kuma wanda ya ƙara aikawa.

Gidan Osla ne gadon ya sauka na ƙarshe, lokacin da matar ɗanta Lowrie ta haihu. Wannan jinjirin yanzu yana birni da gemunsa. Daga shi haihuwa ta ɗauke ƙafa daga tsibirin, aka rufe makaranta, gadon ya zauna a saman silin ɗin Osla, inda al'ada ta ce ya zauna.

A cikin waɗannan shekarun Osla ta sayar da shanunta, ta wanke ɗakinsu, ta shafa masa farin fenti, ta mai da shi shago. Ta gano abin da ya gagari kakanninmu ganowa: akwai mutane a kudu da za su hau jirgin fito, su yi amai a hanya, don kawai su sayi abin da muke jefawa a teku. Tana sayar da ƙwai da man shanu da abin da matan tsibiri suka saƙa, amma cinikin gaske yana kan tsofaffin kaya. Merran tana kai mata safar hannu duk mako a lokacin baƙi. Ba ta taɓa tambayar nawa ake sayarwa ba. Tsakanin ƙawaye wannan ba tambaya ba ce.

Sai jikar Merran, Vaila, ta dawo tsibiri da mijinta, mai aiki a gonar kifi, da ciki wanda ba ya bukatar a sanar. Kafin ta gama sauke akwatunanta labari ya kai arewa ya dawo. Merran ta janye kujerar Rasmie daga kusa da murhu, ta share wurin, ta goge, ta bar shi fili.

"Kaka, me za a sa a nan?" in ji Vaila.

"Ba kome. Ƙura nake so ta samu wurin zama."

Osla ta zo shan shayi kamar kullum. Ta sauke kofinta, ta yi maganar kuɗin jirgi, da ciwon gwiwarta, da sabon fasto da ke wa'azi kamar mai karanta takardar magani. Ta shafa cikin Vaila ta ce namiji ne, ta gani a hanci.

"Kusurwar nan ta yi min faɗi tunda na ɗauke kujera," in ji Merran, idonta kan saƙa.

Osla ta waiwaya ta duba wurin da kyau. "Sa tukunyar fure. Akwai masu kyau a shago."

Merran ta gaya wa kanta cewa ƙawarta tana saƙa abin da za ta sa a ciki ne, kuma Osla ba ta taɓa sauri a saƙa ba. Da wannan ta ci makonni.

Ranar da abin ya faru ranar jirgi ce, rana ta fito, abin da kan sa baƙi su ɗauka haka muke zaune kullum. Merran ta kai safar hannu ta tarar da motoci a bakin shago. Osla na can ciki tana ciniki, don haka Merran ta ajiye ƙunshinta ta shiga zagayawa, hannuwa a baya, kamar baƙuwa.

Ta daɗe ba ta wuce bakin kantar shagon ba. Ga fitilun ƙwai irin waɗanda aka yi bikin rabuwa da su ranar da lantarki ya zo. Ga dutsen guga na gawayi, da tsatsarsa, don baƙi sun fi son sa da tsatsa. Ga ƙwallayen gilashi na ragar kamun kifi an rataye su a taga. Ta gane almakashin askin tumaki na marigayi mijin Osla, wanda ko da ransa ba ya yanka. Ta gane wata tasa da ake ba kaji ruwa a ciki, an zuba mata busassun furanni. Ta ɗaga wata suwaita ta duba ɗinkin hammata, ta san wadda ta saƙa, ta san kuma ranta a ɓace yake lokacin. Har ta fara murmushi.

A ƙarshen ɗakin, inda ake ɗaure maruƙa a da, bayan layin suwaitoci da aka rataye, ta ga ƙafa lanƙwasasshiya.

An shafa masa mai yana ƙyalli. An cika shi da curin ulu kala-kala, an ɗaura masa 'yar takarda da zare a jikin rumfa. Merran ba ta duba takardar ba. Ta tsaya bayan suwaitocin, don ta ji muryar Osla tana matsowa, muryar nan tata ta baƙi, mai laushi kamar ta mai jinya.

Mutum biyu ke biye da ita, miji da mata, cikin rigunan ruwa iri ɗaya. Matar tana rungume da wani ɗan kare da aka sa wa riga.

"Wannan kam ban cika nuna wa kowa ba," in ji Osla. "Wani masunci ne ya haɗa shi da katakon jirgin da ya nutse. Ko ƙusa ɗaya babu a jikinsa. Ranka ya daɗe, ɗan karkata shi ka ga ƙasan."

Mutumin ya kwashe ulun, ya karkata gadon, ya tura tabaransa goshi.

"Waɗannan haruffan fa?"

"'Ya'yan gidan ne. Duk wanda ya kwana a ciki."

"Kai! Ina suke yanzu?"

Osla ta sauke ajiyar zuciya. Ta iya ajiyar zuciya. "Teku ta ci wasu, wasu sun yi ƙaura. Gidan ya ƙare. Ba wanda ya rage."

Ta taga Merran tana hango ɗaya daga cikin waɗanda teku ta ci, Lowrie ɗan Osla, yana zagin tarakta. Wasu biyu suna aiki a jirgin da ya kawo baƙin. Merran da kanta ta haifi uku daga cikin haruffan, ta biya wa biyu kuɗin makaranta har suka zama mutane.

"Abin tausayi," in ji matar. Ta sunkuya ta ajiye karen a ciki. Karen ya zagaya sau biyu ya kwanta, ya ɗora haɓa a gefen da hannun mata ya side. "Duba! Kamar don shi aka yi. Bayansa na damunsa, ka san ba ya son kwanciya a ƙasa."

Nan Merran ta ture suwaitoci ta fito.

A yi wa Osla adalci: fuskarta ta canza. Amma ba ta daɗe a canjen ba.

"Ga ɗaya daga cikin masu yi mana saƙa," ta ce. "Merran, ba ki ce kin iso ba."

"Ban so in katse jana'iza ba."

Matar ta yi farin cikin ganin tsohuwar tsibiri ta gaske. "Mama, ko kin san mutanen gidan?"

"Sama-sama," in ji Merran. "Mutanen kirki ne, amma ba su da wayo. Sun cika ba da aro."

Baƙin suka yi dariya don sun ga alamar wurin dariya ne. Osla ta ce su ɗan duba fitilu, ta ja Merran gefe, bayan buhunan ulu, ta koma muryarta ta gida.

"Kada ki yi min wannan idon, 'yar nan. Na san shi tun muna aji ɗaya."

"Wane ido? Kallon kaya nake. Shago ne, ko ba shago ba?"

"Shekara nawa abin nan yana cin wuri a samana? Gara ta kusa cinye shi. Ni na gyara, ni na shafa mai. 'Yan matan yanzu ba sa kwantar da ɗa a irin wannan, ma'aikaciyar jinya ma ba za ta bari ba. Vaila a birni ta yi karatu. Na roba za ta so, mai kiɗa."

"Kin tambaye ta?"

"Ke kin tambaye ni?"

Merran ta dube ta. Osla ba ta kawar da ido ba.

"In kina so, ki faɗa," in ji Osla a hankali. "Kalma ɗaya. Ki ce, Osla, ba ni. Yanzu in gaya musu an riga an saya."

Ba maganar teku da ƙaura ce ta fi cin Merran ba. Ɗan kasuwa yakan kashe mutum da baki ya tashe shi gobe. Wannan tayin ne ya fi cin ta. Osla tana wurin lokacin da matar arewa ta aika, su biyu suka leƙa ta taga suka ga an mayar da gadon an lulluɓe. Ta san abin da Merran za ta iya faɗa da abin da ba za ta iya ba, kamar yadda ta san inda take ajiye sukari. Da wannan sanin ta sauko da gadon daga silin. Ba ɓoye shi ta yi ba, ba ta bukatar ɓoyewa. Ta san mai shi za ta tsaya a gabansa da bakinta a ɗinke.

Kalmar ta zo har kan harshe. Gajeriya ce, ko yaro ya iya ta. Merran ta tuna Vaila da safen nan, tsaye a kicin, hannu ɗaya a ƙugu, tana cin burodi da man shanu tana cewa yaron ya hana ta barci da shuri. Ta tuna ita ba ta yarda da camfi ba. Ta haɗiye.

Saye ma ta yi tunaninsa. Amma in ta saya ta yarda ke nan na Osla ne, kuma a wajen Merran miƙa kuɗi ma tambaya ce, da hannu maimakon baki.

"Safar hannu na kan kantar shago," ta ce. "Akwai biyu masu ja, na ga sun fi tafiya."

Osla ta saki numfashi. Ta taɓa hannun Merran. "Na san za ki gane."

"Na gane."

Aka yi ciniki. Gadon ya fi ƙarfin baƙon, sai Osla ta leƙa ta ƙwala wa Lowrie kira. Ya shigo yana goge hannu a wando, ƙato mai furfura, ya ga abin da za a ɗauka, ya ga Merran, kunnuwansa suka yi ja.

"Mama, wannan ai..."

"Ɗauki, baƙi na sauri," in ji uwarsa.

"Bi a hankali, Lowrie," in ji Merran. "Wanda teku ta ci bai kamata ya ɗauki kaya mai nauyi ba."

Bai gane ba, amma ya san ba yabo ba ne. Ya ɗauka. Aka ɗaure gadon a saman mota ƙafafu sama, haruffa suna kallon gajimare. Matar ta roƙi Merran ta tsaya kusa da motar a ɗauke ta hoto. Merran ta tsaya. Wani gida a kudu yana da hoton nan: tsohuwa gajeriya, hannuwa cikin aljihu, ba ta murmushi, irin mutanen tsibiri na asali.

A gida Vaila ta tambaye ta ko lafiya. Ta ce lafiya, iska ce ta shiga mata ido. Da labari ya iso, don ya iso kafin a sauke tukunyar dare, Vaila ta tashi za ta je shagon da cikinta. Merran ta tare ƙofa.

"Zauna. Kin je kin ce me? A dawo da shi? Ko bakinki ko nawa, duk ɗaya ne."

"Kaka, wannan ai sata ce!"

"A'a. Ɓarawo yakan ji tsoro."

An haifi yarinyar bayan an gama kwasar ciyawa, a asibitin babban tsibiri. Mace ce; hanci ya yi ƙarya. Ta zo da lafiyarta da muryarta. Merran ta samo akwatin kifi na katako a rumfar Rasmie, ta wanke shi da ruwan zafi har ya daina tuna sana'arsa, ta shimfiɗa masa fatar ɗan rago, ta ajiye shi a kusurwar da ta share. Ba ya lilo. Ta sa ƙusa a wuta ta ƙona harafi ɗaya a ƙasansa, a can gefe, ta bar wuri.

Bayan kwanaki Osla ta zo. Ta bi ta bayan gida kamar kullum, ta murɗa ƙofar kicin, ta ji ta a sakace. Ta sake murɗawa. Sai ta ji ana buɗe ta gaba.

"Maraba da Madam Halcrow," in ji Merran. "Shigo, shigo. Ya hanya?"

Hanyar ba ta wuce tsallake katanga biyu ba. Osla ta shigo da ƙunshi a hannu. Mayafin jinjiri ne fari, saƙa mai kyau, irin wanda ake sawa cikin gadon in za a mayar. Tun bazara take saƙa shi. Ta kawo rabin al'adar, rabin da ba a saye.

Merran ta yaba saƙar, kuma da gaske take, don ba ta ƙarya a kan saƙa. Ta kai baƙuwa falo, inda sanyi yake zaune tun bikin Kirsimeti. Ta kawo shayi a kofin fure, da biskit biyu a faranti. Vaila ta kawo jinjira aka nuna, aka mayar.

"Merran, haba," in ji Osla. "Katako ne fa. Tun muna da kitso biyu muke tare."

"Ƙwarai. A ƙara shayi?"

Osla ta shanye. Kofin bai ba ta dalilin daɗewa ba.

Merran tana nan. Tana kiwon tumakinta, tana jijjiga akwatin kifi da hannu tunda ƙafa ba ta yi, abin da ya rage mata saurin saƙa. Har yanzu tana kai safar hannu shagon Osla, don shago ɗaya ne a tsibirin, kuma fushi ba ya sayen ulu. Suna gaisawa. A coci benci ɗaya suke zama, kowacce a ƙarshensa.

Da baƙi suka dawo a shekara ta gaba, a cikin ƙunshin safar farko akwai wani abu mai nauyi naɗe a jarida. Osla ta warware ta ga kofi shuɗi mai ɓallen baki.

"Tsohon kaya ne," in ji Merran. "Mai shi ta ƙare. Ki sa masa takarda."

Osla ta daɗe tana juya shi a hannu. An ce ta ajiye shi ƙarƙashin kantar shago, ba a cikin kayan sayarwa ba, kuma ya yi kusan wata guda a nan. Sai wata baƙuwa mai kaifin ido ta hango shi ta tambaya.

An saya.